Kunyar tafiya da ƙafa ta raba mu da tsaunukan Damergu

A hunturun da ya wuce na zama abin dariya a Tanout. Bayan sallar isha na ce wa mai masaukina gobe da asuba ina so in hau tsaunin da ake hangowa daga bayan gari, in bi ta kansa, in sauko ta ɗaya gefen, in kewayo gida. Ya dube ni shiru, sannan ya ce, "Malam, wani abu ka yar a can?" Na ce a'a. Ya ce, "To akuya ce ta ɓace?" Na ce ko ɗaya, gani kawai nake so in yi. Ƙanensa da ke gefe ya sassauta murya don kada in ji kunya, ya ce, "Yaya, in kuɗin kabu-kabu ne babu, ka faɗa mini in kai ka da babur ɗina."

Ban ga laifinsu ba, abin da kowa ya ɗauka suka faɗa. A wurinmu yau, babban mutum mai lafiya da za a gani yana tafe a ƙasa ba kaya a kansa, ba dabba a gabansa, ɗayan biyu ne: ko aljihu ya bushe, ko kai ya taɓu. Ni kuwa ra'ayina shi ne wannan kunyar tana jawo mana asara babba. Ta raba mu da sanin ƙasar da muke taƙama da ita, tana kuma cinye hanyoyin da kakanninmu suka bar mana. Maganin ba ya bukatar kuɗin kowa. Mu tashi mu hau tsaunukanmu da ƙafa, mu tafi da yaranmu, mu sa tsofaffinmu a gaba.

Washegari na samu rakiyar wani dattijo da ya yi kiwo a wannan daji tun yana yaro. Mun fita gari bai gama wayewa ba, sanyi na ratsa riga. Daga nesa tsaunin kamar ba komai, kansa a baje kamar faifai, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Da muka isa gindinsa sai na tarar gangaren ya miƙe tsaye, kuma duk tsakuwar marmara ce mai zamewa, in ka yi taku biyu ka koma ɗaya. Na nufi sama kai tsaye, kafin a jima numfashina ya fara sarƙewa. Dattijon ya tsaya ya ce, "Ɗana, dubi sawun awaki. Ka taɓa ganin akuya ta hau dutse a miƙe?" Sai muka bi ta karkace, mu yi dama mu yi hagu, muna dogara sanda. Ya hana ni ɗaga dutse da hannu saboda kunama da kububuwa. Na ce, "Baba, ai kai ko haki ba ka yi." Ya ce gaggawa ce ke gajiyar da ni.

Can wajen tsakiyar gangare, inda ƙasar ta sauya launi ta koma fari-fari, ya tura wani dutse da bakin sandarsa ya ce in duba. Dutse ne a nannaɗe kamar ƙahon rago, da zane-zane a jikinsa. Kusa da shi ga wasu masu kama da ɓawon kawa. Ya ce suna yara da irinsu suke wasa in sun kawo dabbobi, kuma babu wanda ya taɓa gaya musu ko mene ne.

Ga abin da yake. Sama da shekaru miliyan 90 da suka shige, wani teku marar zurfi sosai ya ratsa inda hamadar Sahara take yanzu, ya haɗa ruwan arewacin Afirka da na Tekun Gini ta kwarin Binuwai. Damergu na ƙarƙashin wannan ruwa. Dutsen mai kama da ƙahon rago kwanson wata halittar teku ce da masana ke kira amonit, wadda irinta ya ƙare a duniya tun da daɗewa. A shekarar 1943 wani masanin duwatsu Bafaranshe mai suna Daniel Schneegans ya yi rubutu a kan irin waɗannan halittu da aka tsinto a Damergu, har ya raɗa wa wani jinsinsu suna Nigericeras, daga sunan ƙasarmu. Irinsu ake tonowa a Ashaka ta jihar Gombe, inda ake haƙar farar ƙasa don yin siminti, domin tekun ɗaya ne. Masana a Turai sun san sunan Tanout saboda waɗannan duwatsu. Ɗan makarantar da aka haifa a gindin tsaunin kuwa yana haddace sunayen tekunan duniya don jarrabawa, bai san yana taka gadon teku kullum ba.

Da muka kai sama sai ƙasa ta buɗe. Daga nan na fahimci abubuwan da na shekara ina ji a taro ban gane ba. Ga kwazazzabai sun tsattsage gangaren kamar sawun farce, suna kwasar ƙasa suna zubarwa a gonakin da ke ƙasa. Ga fako yana faɗaɗa inda aka sare itace. Ga inda aka yi aikin rabin wata da jeren duwatsu, ciyawa ta ɗan dawo, bambancin a fili yake ko ga wanda bai yi boko ba. Ga hanyar mota mai zuwa Agadas ta miƙe arewa, ga rumbunan gero a gefen ƙauyuka. Dattijon ya nuna mini wani zirin fili tsakanin gonaki ya ce burtali ne, a da garke guda ke bi a sake, yanzu ya tsuke har shanu sai sun jeru. Duk rigimar manoma da makiyaya da ake kai wa gaban hakimi, ga ta nan a shimfiɗe kamar a allo.

Ba mu sauko ta inda muka hau ba. Na tambaye shi dalili, ya ce makiyayi ba ya komawa ta inda dabbobi suka riga suka cinye. Hikimar kewaye ke nan, kuma ta fi ƙarfin kiwo. Wanda ya hau ya sauko ta hanya ɗaya rabin tsauni ya gani. Gefen gabas shi ke shan bugun hadari da iskar hunturu, ya ƙeƙashe. A ɗaya gefen, cikin wani ɗan kwari, muka tarar da aduwa da magarya da dashi, da anza mai yawa. Ya tsinko ganyen anza ya ba ni labarin 1984, lokacin da fari ya watsa mutanen Damergu, yadda ake jiƙa ƴaƴanta kwana da kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita kafin a dafa. Saukar ta fi hawan cin gwiwa. Mun shigo gari da hantsi, ƙafata cike da ƙarangiya, amma abin da na koya a safiyar nan ya fi na taron bita uku.

Abin mamaki shi ne, mu da muke jin kunyar tafiya a ƙasa jikokin matafiya ne. Tafiya ce ta gina Damergu. Nan ne zangon ayarin da ke tasowa daga Abzin zuwa Damagaram da Kano, nan ake sauke gishiri da dabino a ɗauki gero. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Damergu tare da ayarin gishiri na Abzinawan Kel Owey. A nan ya rabu da shugaban tafiyarsu James Richardson, wanda ya nufi Damagaram, shi kuma ya bi ta Tasawa da Katsina zuwa Kano. Ya bayyana Damergu a matsayin ƙasar da ke ciyar da Abzin da hatsi. Da ya isa Kano kuwa, Dala ya hau don ya ƙare wa birnin kallo ya zana shi. A ƙarshen ƙarnin nan Jajiduna ta zama matattarar fatake, har da Larabawan arewacin Afirka. Sai da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kasuwancin hamada ya karye. Kakanninmu kuma sun yi shekaru a hanya suna takawa zuwa Makka ta Cadi da Sudan. Jikansu ne yau ba ya iya zuwa masallacin Juma'a sai a kan babur.

Na san abin da za a ce, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Za a ce wannan zancen ƙoshi ne. A ƙasar da mace ke tashi da duhu da jaki da jarkoki ta nufi rijiya mai zurfin da sai dabba ta ja guga, a ƙasar da yaro ke taka tafiya mai nisa zuwa makaranta, wane ne zai zo yana wa'azin yawo don nishaɗi? Maganar tana da nauyi. Ba da matar nan nake ba, ita ta gama nata tafiyar har ta yi ragi, abin da take bi bashi shi ne ruwa kusa da gida. Da mu nake, mu ma'aikata da ƴan kasuwa da malaman makaranta da zaɓaɓɓun da ke yanke hukunci a kan rijiyarta da burtalin mijinta, alhali ba mu taɓa taka hanyar da take bi ba. Wanda ya san daji ta gilashin mota kawai ba ya jin nisan kilomita biyar a jikinsa. Da kowane kansila zai bi hanyar ruwan mazaɓarsa da ƙafa sau ɗaya a shekara, da an sauya wurin da ake haƙa wasu rijiyoyin.

Za a kuma ce aikin Nasara ne, wasan masu kuɗi. Gaskiya ne a Turai mutane na cika hanyoyin tsaunukan bakin teku a ranakun hutu. Amma a duba asalin hanyoyin. Wadda ta kewaye gaɓar Biritaniya ta Faransa, da ake kira GR 34, mai tsawon sama da kilomita 2,000, hanyar jami'an kwastan ce da ke sintirin kama ƴan fasa-ƙwauri tun ƙarshen ƙarni na 18. Ta kudu maso yammacin Ingila, mai tsawon mil 630, ita ma masu gadin gaɓar teku ne suka fara taka ta. Hanyoyin wahala ne da neman abinci, kamar na fatakenmu da makiyayanmu. Bambancin kawai, da aikin ya ƙare su ba su bar hanyoyin sun mutu ba, sun sa musu alama, sun kare su da doka. Kuma talakawa ne suka yi faɗan. A watan Afrilu na 1932 ɗaruruwan matasa, galibi leburorin masana'antu daga Manchester, suka hau tsaunin Kinder Scout da gangan, wanda masu ƙasa suka killace don farautarsu. Aka ɗaure biyar daga cikinsu. Irin wannan gwagwarmaya ce ta kai ga dokokin da suka buɗe wa kowa tsaunukan Ingila. Ko a wurinmu, alhajin da zai yi maka dariya don ka hau tsaunin Tanout shi ne zai ba ka labarin yadda ya yi haki a kan Jabalun Nur don ya ga kogon Hira. Malamanmu kuma kullum suna tunatar da mu cewa Alƙur'ani ya yi kira a wurare da yawa a yi tafiya a bayan ƙasa a lura.

Sai maganar tsaro. Wannan ba a wasa da ita. Ban ce kowa ya ɗauki jaka ya nausa daji shi kaɗai ba, kuma inda hukuma ko mutanen wurin suka ce kada a je, kada a je. Tsaunukan da nake magana a kansu su ne waɗanda ake hangowa daga gari, waɗanda yara ke kai awaki kullum. A tafi a ƙungiya, da sanin mai gari, da ɗan wurin a gaba, a fita bayan asuba a dawo kafin rana ta take, a tsakanin Nuwamba da Fabrairu. A watan Afrilu ko Mayu kuwa, wanda ya hau dutse da tsakar rana kansa ya cuta. Ina ma ganin wurin da mutanen gari suka daina takawa shi ne ya fi saurin zama maɓoyar ɓata-gari.

Me muke asara in muka ci gaba a haka? Na farko, ilimin da ke kan irin dattijon da ya raka ni. Ya san sunan kowane kwari, ya san inda ruwa ke kwanciya bayan damina da tsawon lokacin da yake yi, ya san itacen da ake ci da wanda ke kashe akuya. Ba a rubuce yake ba, kuma ba a koyar da shi a zaune a zaure, sai an je an nuna. Ƴaƴansa suna Agadas ko Libiya ko wajen haƙar zinariya. Ranar da aka kai shi makwanci, da taswirar za a binne shi. Fari kuwa bai yi mana alkawarin ba zai dawo ba.

Na biyu, hanyoyin kansu. Nijar ba ta rasa doka ba. Tun 1961 aka shata iyakar noma ta arewa, a 1993 aka kafa kundin dokokin karkara, a 2010 aka fitar da dokar kiwo wadda ta amince da haƙƙin makiyaya na yin zirga-zirga. Amma doka a takarda ba ta hana garma cin burtali taku ɗaya kowace damina. Abin da ke tsare hanya shi ne idon jama'a. Hanyar da mutum ɗari suka bi suka san faɗinta tana da shaidu ɗari ranar da aka je gaban hukumar filaye. Wannan ya shafi Tanout, ya kuma shafi Belbeji, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, inda kwarin Tarka ya haɗa manomi da makiyayi a wuri ɗaya.

Na uku, duwatsun tekun nan. Mun ga yadda Gadufawa a jihar Agadas ta yi suna a duniya saboda ƙasusuwan manyan dabbobin da, irin su Ouranosaurus da Nigersaurus, kuma duk wanda ya shiga gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai ya ga yadda yara ke tsayawa baki buɗe a gabansu. Abin da ba ka san darajarsa ba, ranar da baƙo ya zo da ƴan kuɗi kaɗan za ka cika masa buhu ka yi godiya. Yaron da aka hau da shi aka nuna masa, aka ce wannan shaidar teku ce a ƙasarku, a bar ta inda take, shi ne mai gadin da ba a biya.

Na huɗu, jikinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Kakanninmu ba su bukaci wannan shawara ba. Mu da muka koma daga kujera zuwa babur, daga babur zuwa tabarmar shayi mai sukari, kowa ya san mutum nawa a danginsa ke fama da hawan jini ko ciwon suga.

Abin da nake roƙo ƙarami ne. Kowace makarantar sakandare a gundumomin nan biyu ta ware safiya ɗaya a hunturu, malamin labarin ƙasa da na kimiyya su fita da aji guda, da dattijo ɗaya ko biyu, manomi da makiyayi, a biya su ladan ranarsu kamar yadda ake biyan kowane malami. A fita da ƴan mata ma, da rakiyar malamai mata, domin su ne suka fi kowa taka ƙasar nan kuma su aka fi mantawa. A zaɓi kewaye ɗaya da ba zai wuce awa uku ba, a tara ƴan duwatsu a mararraba don alama. Yara su rubuta sunayen wurare da na itatuwa da Hausa da Tamashek da Fulatanci da Barbarci, yadda mutanen wurin ke faɗa. Ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Damagaram, wadda ba ta fi tafiyar kilomita 150 ko makamancin haka daga Tanout ba, su zo su taya su zana taswira. Fadojin matasa da ke kwana a kan shayi su ɗauki Asabar ɗaya a wata.

Roƙona ɗaya: kada a mayar da shi furoje. Ranar da aka buga riguna da huluna, aka kafa allo mai tambarin masu ba da tallafi, aka fara rabon kuɗin zama, ranar ce abin zai mutu, domin kowa zai jira a biya shi kafin ya taka ƙasar ubansa. Kada kuma a ce sai masu yawon buɗe ido sun dawo. In sun zo wata rana, marhabin, su tarar da hanya muna bin ta. Mutanen Kano na hawa Dala da Goron Dutse, na Zariya na zuwa Kufena, ba su jira baƙo ya ba su izini ba.

Da na dawo ranar, mai masaukina ya tarbe ni da fura yana murmushi, ya ce, "To Malam, an samo akuyar?" Na nuna masa hoton dutsen a wayata, na gaya masa abin da yake. Ya daɗe yana kallo. Ya ce shekara arba'in da wani abu yana ganin tsaunin nan daga ƙofar gidansa, bai taɓa hawa ba. Sannan ya kira babban ɗansa ya ce masa in an yi hutu su je tare, amma a bi a hankali saboda gwiwarsa.

Tafiya mabuɗin ilimi ce, haka muka gada. Ba a ce sai ta jirgi ba. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiyar da za mu taka ƙasarmu mu san ta.